Kakin Baban Saje

Mijina bai taɓa riƙe bindiga ba, ko ta wasan yara, amma duk layinmu Saje ake ce masa. A gidan waya ya yi aikinsa har ya yi ritaya, yana ware wasiƙu yana buga musu hatimi. Sajancin ya samo shi ne a ɗakin da ke jikin kicin, ɗakin da na ci burin mayarwa wurin ajiye buhuna da manyan tukwane, shi kuma ya riga ni ya cika shi da takardun soja.

Kada ku ɗauka wasu takardun yaƙi ne masu ban sha'awa. Takardun sito ne, irin waɗanda ake cikewa ranar da aka ɗauki kurtu, a jera abin da aka miƙa masa: riga biyu, wando biyu, bel, hula, takalmi, kwano, cokali, gorar ruwa, allura da zare, bargo. A ƙasa kurtun ya dangwala yatsa, ya kwashi kayansa ya ƙara gaba. Irin waɗannan takardun Saje yake tarawa, tun gashinsa yana baƙi. Ya jera su a akwatunan kwali, kowace da katin bayaninta, kuma ba ya taɓa su sai da farar safar hannu. Ni da na haifa masa 'ya'ya huɗu ban taɓa ganin ya lallaɓa ni haka ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda yake fushi da masu sito da suka mutu tun kafin a haife mu. Muna zaune muna shan shayi sai ya dire kofi.

“Samanja, kin san akwai shekarar da aka sallami kurata arba'in babu cokali?”

Samanja yake ce mini, wai don ni kaɗai ke iya ba shi oda ya fito daga ɗakin nan.

“Allah sarki,” in ji ni. “Da me suka ci abinci?”

“Abin da nake tambaya ke nan. Kuma mai siton ya sa hannu, ko kunya.”

“Sai ka kai ƙara.”

Yakan harare ni ya ci gaba da shan shayinsa, amma ranar nan ba zai huce ba sai azahar.

Na san abin da yake nema a cikin tarkacen nan, shi ya sa ban taɓa matsa masa a kan ɗakin ba, sai dai ƙorafi na baki. Babansa ya shiga soja ana da cikin Saje wata biyar, ya tafi, bai dawo ba. Babu hoto, babu kabarin da za a nuna, ko hularsa ba a aiko ba. Abin da Saje ya gada na uba shi ne labarin da surukata, Inna, take bayarwa, kuma a bakin Inna mutumin nan kullum ƙara girma yake. Lokacin da aka kawo ni gidan, dogo ne kawai. Da na haifi na biyu, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Kafin ta rasu ya kai ga ɗaukar buhu biyu a kafaɗa ɗaya yana waƙa. Takan kalli Saje, da faɗin kafaɗarsa da wannan tumbi nasa, ta ce, “Kai dai ubanka ka ɗebo, ba ka bar komai ba.” Shi kuma ya gyara zama har kujera ta yi ƙara.

Wata safiya Mai Gwanjo ya yi sallama da kwali a bayan babur. Shi ne mai kawo wa Saje kaya. Duk inda aka rushe tsohon gini aka zubar da takardu, yakan kwaso, ya fara kawowa gidanmu kafin ragowar ta tafi hannun masu ƙunshe kaya a kasuwa. Saje ya shige ɗakinsa da kwalin, ni kuma na koma kan wanke-wanke.

Ban ji motsinsa ba na tsawon lokaci. Ko tsakin da yake yi wa masu sito babu. Can sai ga shi a bakin kicin, fuskarsa wani iri.

“Samanja, wanke hannunki.”

“A ruwa suke ai.”

“Ki goge su. Ki zo.”

Takardar tana kan tebur ita kaɗai, ta yi ja don tsufa, gefenta ɗaya ya gutsure. Sunan babansa ne a sama, da na kakansa, da sunan ƙauyensu. A ƙasa ga tambarin babban yatsa, ɗan baƙi-baƙi. Saje ya kai yatsansa kusa da shi, bai taɓa ba. Na ji tausayinsa ya kama ni, don haka na yi abin da na saba, na tambaye shi ko an ba surukin nawa cokali.

An ba shi. An ba shi komai, ban da abu ɗaya. A layin bargo mai siton ya rubuta: “Ya ƙare. Za a ba shi daga baya.” Na zaci Saje zai tashi da faɗa, sai na ga ya yi dariya.

“Ƙato irin Baba me zai yi da bargo? Ai shi sanyi ne ke jin tsoronsa.”

Washegari ya faɗa mini shawarar da ya yanke. Zai sa a ɗinka kakin babansa daidai yadda takarda ta faɗa, ya saka, ya je a ɗauke shi hoto. Tunda Inna ta ce kamarsu ɗaya, to hoton nan shi ne hoton Baba.

“Sau ɗaya dai in gan shi,” in ji shi. “Ko a jikina ne.”

Muka tafi shagon ƙanina, wanda kowa ke kira Tela, har matarsa. Shagon ɗan ƙarami ne, keke biyu, teburin yanka, da madubin da ya tsage a kusurwa. Saje ya miƙa masa kwafen takardar da ya rubuta da hannunsa, don ita ainihin takardar ko iska ba ya bari ta taɓa ta. Ya shiga bayanin maɓallai, da inda aljihu yake zama, da irin kakin da ya yarda da shi. Tela yana gyaɗa kai, idonsa yana kan ɗan layin da ke gefe, inda aka rubuta awon kurtu. Sai ya ɗago ya dube ni.

“Yaya, zo ki ga wani yadi da aka kawo.”

Muka shiga bayan labule. Babu wani yadi.

“Ƙirji inci talatin da ɗaya,” ya raɗa mini. “Ƙugu ashirin da bakwai. Yaya, wannan rigar ko hannun Saje ɗaya ba zai shiga ba.”

“Ka duba da kyau.”

“Shi ya kwafa, kuma kin san ba ya kuskure.”

Gaskiya ne, ba ya yi. Mutumin da ke gane hatimin jabu daga bakin ƙofa, ya rubuta lambobin nan da hannunsa bai gan su ba. Ga shi tunda muka yi aure bai taɓa sayen ko singileti da kansa ba. Tambaye shi maɓalli nawa ne a rigar kofur, zai faɗa maka yana barci. Tambaye shi awon ƙugunsa, sai ya ce ka tambayi Samanja.

Tela ya fito da tef a wuya, ya gwada sa'arsa.

“Saje, ɗan miƙe in gwada ka.”

“Ni za ka ɗinka wa? Takarda za ka bi.”

“Awon nan fa kamar ya ɗan yi…”

“Incin zamanin da ba irin na yanzu ba ne. Komai na da ya fi auki. Ka ga sabulun yanzu?”

Tela ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. A hanyar gida Saje yana gaba yana tafiya da ƙirji a waje, ni ina baya ina lissafin yadda zan yi. Shekara sittin da wani abu yana ɗauke da uba ƙato a ransa. Ban ga dalilin da zai sa tef ɗin Tela ya rage masa shi ba. Da yamma na zare tsohuwar rigarsa da wando daga igiyar shanya, na cusa a jaka, na ce zan je duba matar Tela.

“Ka bi wannan,” na ce wa Tela. “Maɓalli da aljihu ka bi takarda. Faɗi da tsawo ka bi tumbi.”

“In ya gane, ke kika sa ni.”

“Tun kana rarrafe nake sa ka abu, wanne ne ya kashe ka?”

Ranar da kakin ya iso, gidanmu ya zama bariki. Saje ya shiga ɗaki ya daɗe, sannan ya fito, bel ya kama tumbi, hula a karkace, silifas ɗin wanka a ƙafa. Sai da ya ƙirga maɓallan sau biyu. Ya tsaya gaban madubin falo, ya juya hagu, ya juya dama.

“Kin gani? Kamar a jikina aka gwada.”

“Ikon Allah,” in ji ni.

Ya yi fareti daga bakin ƙofa zuwa kicin, ya ƙame, ya sara wa firji. Maƙwabciyarmu da ta shigo aron rariya ta ja da baya ta ce ko lafiya. Ni kuwa har zuciyata na ji daɗi, don rabon da in ga farin ciki irin wannan a fuskarsa tun haihuwar jikanmu na fari. Na ce to, sai mu wuce wurin mai hoto tun guga ba ta kwanta ba.

“Da silifas? Haba Samanja. Sai takalmi ya zo.”

“Wane takalmi?”

“Na zamanin, na ainihi. Na sa Mai Gwanjo ya nemo, lambar da ke takarda. Ya ce ya samu, yau zai kawo.”

Nan na gane kuskurena. Na tuna da ƙirji, na tuna da ƙugu, har hula na sa Tela ya faɗaɗa, amma na manta mutum yana da ƙafa. Na yafa mayafi na ce gishiri ya ƙare.

Rumfar Mai Gwanjo tana can ƙarshen kasuwa, bayan masu gyaran rediyo. Na ratsa masu kayan miya da masu katifa da saurin da gwiwoyina suka daɗe da mantawa. Niyyata in roƙe shi ya ce takalmin ya ɓata, ko ɓera ya ci, ko ya nemo wani babba a kankare lambar. Na tarar da rumfar a rufe. Mai gyaran rediyo ya ce ai bai daɗe da hawa babur ba, ya ce gidan Saje za shi.

Dawowar a hankali na yi ta. Ban ma sayi gishirin ba.

Na same shi zaune a bakin gado, cikin kakinsa. Takalmi ɗaya yana ƙasa, ya zura ƙafarsa, yatsu kawai suka shiga, diddige da rabin tafin ƙafa suna waje. Ɗayan yana kan tafin hannunsa, ya kife shi yana duba lambar da aka buga a ƙasan da gilashinsa na ƙara girman rubutu. Baƙar fata ce da ta bushe ta tsattsage, da ƙusoshi a dunduniya. Lamba biyar. Ni kaina shida nake sawa.

A gefensa ga kwafen takardar, ga kuma tef ɗin da ke cikin gwangwanin allurata. Ya riga ya auna rigar da ke jikinsa.

“Samanja,” ya ce, bai ɗago ba, “wa ya ba da odar canza awo?”

“Ni.”

“Babu sa hannu, babu hatimi.”

“Odar baki ce.”

“Irinku ne kuka bar kurata arba'in babu cokali.”

Wasa yake son yi, amma muryar ba ta ba shi haɗin kai ba. Na zauna kusa da shi. Ban ba shi haƙuri ba, don ban ga laifina ba, kuma har yau ban gani ba. Ya zare ƙafarsa daga takalmin, ya ajiye su biyun gefe da gefe.

“Kira mini Tela. A ɗinka na gaskiya.”

Tela bai ɓata lokaci ba, kuma da leda a hannu ya shigo. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

“Yadi ya ragu,” in ji shi. “Ni ma na so in gani, sai na ɗinka wani daidai awon takarda. Ban faɗa wa Yaya ba.”

“Wato kai ma odar kanka kake bi,” in ji Saje. “Gidan nan babu da'a ko kaɗan. Kawo.”

Shi da kansa ya shimfiɗa su a kan gado. Ya sa hula a kan matashi, riga a ƙasanta, ya ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya har wuya. Ya jera wando, ya zura bel, ya ɗaure a ramin ƙarshe. Ya ɗauko takalman ya ajiye a ƙasan wandon. Sannan ya ja da baya.

Duka-duka mutumin bai ci rabin gadon ba. Kafaɗar rigar ba ta fi tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu ba. Mu uku muka tsaya muna kallo, hasken la'asar yana shigowa ta taga yana sauka a kan aljihun.

“Autanmu ya fi shi jiki ranar da ya gama sakandare,” in ji Saje.

Ya juyo ya dube ni.

“Inna ta ce sai ya sunkuya yake shiga ɗaki.”

“Wataƙila ƙofar ce gajera,” na ce.

“Buhu biyun fa?”

“Ba ta ce buhun mene ne ba. Auduga ma a buhu ake sa ta.”

Dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har bel ɗin yana rawa, Tela ya taya shi, ni ma na shiga. Ban san lokacin da tasa ta canza ba, na dai ga ya cire hular yana goge ido da ita. Tela ya sulale ya koma falo.

“Yaro ne, Samanja,” ya ce. “Ɗan yaro ne. Aka miƙa masa allura da zare aka ce ya tafi. Wa ya koya masa ɗinki?”

“Inna ta san ɗan yaro ne,” in ji ni.

“Ta sani mana.”

“Ƙato take so ka taso da shi, tunda ba ta da wani abin ba ka.”

Ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu ya gyara kwalar rigar da ta lanƙwashe, irin yadda yake yi wa 'ya'yanmu ranar komawa makaranta. Na tambaye shi maganar hoto, don in samu abin faɗa.

“Wane hoto kuma? Ni ai na haife shi, har da jika.”

Ya tafi ɗakin takardunsa. Na ji yana jan akwati. Ya dawo da safar hannu, da ainihin takardar, ya tsaya a kan gadon yana duba kaya yana duba layi, kamar mai sito ranar rabo. Riga, akwai. Wando, akwai. Bel, hula, takalmi. Ya aike ni kicin na kawo kwano da cokali, na haɗo da gorar ruwan da nake zuwa asibiti da ita. Allura da zare suna cikin gwangwani. Yatsansa ya gangara zuwa layin ƙarshe ya tsaya a nan. Wannan karon bai yi dariya ba.

“Samanja, akwai bargo a sito?”

Akwai guda ɗaya, kuma ya san da shi. Babbar 'yarmu ce ta kawo mini, mai laushi, mai nauyi, yana saman wadrob cikin jakarsa tun ranar da ya shigo gidan. Baƙi sun kwana ban fito da shi ba. Shi kansa Saje ya yi zazzaɓi ya roƙa, na ce ya ƙara riga.

Na jawo kujera na taka, na sauko da shi, na zuge jakar.

Ya warware bargon ya lulluɓe kakin tun daga takalmi har wuyan riga, ya bar hular a waje. Ya zagaya ya cusa gefe da gefe a ƙarƙashin katifa don kada iska ta shiga. Sannan ya ɗauko sabon kati, don ba ya rubutu a kan tsohuwar takarda ko za a yanka shi, ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa na gidan waya: “Bargo ɗaya. An ba shi.”

Ya miƙo mini biro.

“Mai sito sai ta sa hannu.”

Na sa. Ya hura tawadar, ya ɗora katin a kan bargon daidai ƙirji, ya dafa wurin da tafin hannunsa.

“A yi haƙuri, Baba,” ya ce. “An ɗan samu jinkiri.”